Ido ba mudu ba ne: yadda gani ke ruɗin mu a kasuwa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, wace kimar ya sani? Duk direban da ke bin gudron Maradi zuwa Damagaram da bazara ya sha hango ruwa kwance a gabansa, ya iso ya tarar da busasshiyar hanya. Kawalwalniya ke nan: iska mai zafi da ke bisa gudron ce ke lanƙwasa hasken sama, sai ido ya ce tabki ne.

Wannan bai ci kuɗin kowa ba. Wanda ke cin kuɗinmu yana cikin kasuwa.

Mu ɗauki tiya biyu, ɗaya doguwa siririya, ɗaya gajera mai faɗi. Yawancinmu doguwar za mu nuna, domin ido tsawo yake fara kamawa, ya yi sakaci da faɗi. Alhali in aka ƙara wa mazubi tsawo kashi 10 cikin 100, abin da zai ɗauka kashi 10 ne kawai zai ƙaru. In faɗin aka ƙara haka daga baki har gindi, ƙarin ya kai kashi 21. Ƴar matsewar da ido ba ya lura da ita, a tiyar hatsi mai kusan kilo 2 da rabi, tana iya cinye kusan rabin kilo. Mai auna tiya 40 a yini sai ta yi lissafi da kanta.

Haka kashin tumatir ko albasar Galmi: a ƙaramin faifai ya fi cika ido bisa ga babban tire, ko da adadin ɗaya ne. Wani masani ɗan Beljiyam, Delboeuf, ya bayyana irin wannan ruɗin tun 1865, amma mu dai muna zaton iyayenmu mata na kasuwa sun riga shi sani.

Sai launi. Tun kusan shekaru 1000 da suka wuce Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shigo ido. Ke nan in hasken ya sake, launin ma ya sake. Jar laima na ƙara wa tumatir ja, shuɗin tanti na dusashe shi. Shi ya sa gogaggun mata a Kasuwar Dole ta Damagaram ba su biyan kuɗin atamfa sai sun fito da turmin daga rumfa sun buɗe shi a rana.