Gansakuka Mai Dafi: Hatsarin Da Ke Kwance A Kududdufanmu

Duk wanda ya bi ta Yelwa, kan hanyar Dass a birnin Bauchi, a tsakiyar bazara, zai ga yadda kududdufai da ragowar ruwan rafi suke rikiɗewa su koma kore shar. Jama'a sun saba da haka, suna cewa ai gansakuka ce kawai. Yara na wanka a ciki, makiyaya kuma na shayar da bisashensu. To, masana sun tabbatar da cewa gansakuka iri-iri ce, kuma akwai wadda take ɗauke da dafi mai kisa.

Ita mai dafin, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne waɗanda ido ba ya ganinsu sai sun taru da yawa. Abubuwa uku ke raya su: zafin rana, da ruwan da ba ya gudu, da kuma abinci, wato takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, da kashin dabbobi, da ruwan kwata. In waɗannan suka haɗu, cikin 'yan kwanaki sai ruwan ya yi kauri kamar an zuba koren fenti, ya fara wari. Dafin wasunsu hanta yake ci, na wasu kuwa jijiyoyi yake kamawa. Idan gansakukar ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa, a wayi gari kifaye sun taso matattu.

Wannan masifa ta daɗe. Tun a 1878 wani masani mai suna George Francis ya ba da labarin tumaki da dawaki da suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a ƙasar Ostareliya. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Brazil, marasa lafiya fiye da 50 suka rasu domin an yi musu wankin ƙoda da ruwa mai wannan dafi. A 2020 kuma giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ce dafin gansakuka ne a wuraren shan ruwansu.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Bauchi daga madatsar Gubi suke shan ruwa, ga kuma Yankari, inda giwaye da sauran namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji da rani. Ya kamata hukumar ruwa ta jiha ta haɗa kai da malaman kimiyya na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda take da harabarta a nan Yelwa, a riƙa auna ruwan nan a kai a kai, musamman lokacin zafi.

Mu ma talakawa da namu aikin. Manomi ya rage zuba taki a gaɓar rafi, a daina juye shara cikin magudanai. Ruwan da ya yi kore yana wari, kada a sha, kada a ba dabba, kada a ci kifin da aka tsinta matacce a cikinsa. A kuma sani cewa tafasa ruwan ba ya kashe dafin. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye mu.