Akwatin Saba da Kamfanin da ya Ƙera Shi: Abin Lura ga Maigatari



GABATARWA

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san irin dukiyar da ke canza hannu a wurin: raƙuma da shanu da tumaki daga Jamhuriyar Nijar, hatsi da riɗi daga ƙasar Gumel. A farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, takardun naira suka yi ƙaranci, fatake a nan da sauran kasuwannin ƙasar nan suka koma ga tura kuɗi ta waya. Sai a yi ciniki a sallama, kuɗi su fita daga asusun mai saye, amma su ƙi isa ga mai sayarwa. In an tambaya, sai a ce babu sabis. To, a bayan wannan kalma akwai wata na'ura, a bayan na'urar kuma akwai kamfanin da ya ƙera ta. Su ne abin da nake son mu tattauna a kai yau.

MECE CE SABA?

Saba kwamfuta ce wadda aikinta shi ne yi wa sauran kwamfutoci da wayoyi hidima. Wasu masana sun laƙaba mata suna uwar garke. Ana iya kwatanta ta da fatoma a kasuwar kara. Fatoma shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kayansa, ya haɗa shi da mai saye, sa'an nan ya zama shaida a kan cinikin. Haka saba take: ita ke riƙe da lissafin banki, ta karɓi saƙo daga wannan waya ta miƙa wa waccan. Bambancin kawai shi ne ita ba ta barci, kuma baƙinta dubbai ne a cikin daƙiƙa guda. In suka fi ƙarfinta, sai layi ya tsaya cak.

Saba iri biyu ce. Akwai babba mai ɗaukar kowane aiki, wadda sai ƙwararre ya zauna ya shirya ta. Akwai kuma wadda ake sayarwa a shirye cikin akwati, an ɗora mata manhajarta tun daga masana'anta domin aiki ɗaya ko biyu, tamkar injin niƙa wanda ba a neman ya yi ɗinki. Wannan ta biyu ita nake kira akwatin saba.

LABARIN KAMFANIN COBALT

A shekarar 1996 aka kafa wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka wanda ya yi suna da Cobalt Networks. A 1998 ya fito da wani akwati shuɗi mai suna Qube, wanda mutum zai iya runguma da hannu biyu. A jikinsa akwai ɗan allo da maɓallai kaɗan. In an jona shi da wuta da wayar sadarwa, aka shigar da lambar adireshinsa, sauran aikin daga kowace kwamfuta ta ofis ake yinsa. Makaranta ko ƙaramin kanti sai ya sami akwatin wasiƙu da rumbun ajiya da shafin intanet nasa na kansa, ba tare da ya ɗauki injiniya aiki ba. Kamfanin ya kuma ƙera wani siriri mai suna RaQ, wanda ake jerawa ɗaya bisa ɗaya a kanta, kamfanonin ba da hayar shafuka kuwa suka yi rububinsa.

Kasuwa ta yi kyau ƙwarai, har a shekarar 2000 babban kamfanin nan Sun Microsystems ya saye Cobalt da hannun jari na kimanin dala biliyan 2. Amma ba a je ko'ina ba kasuwar kamfanonin intanet ta rushe, kuma a ƙarshen 2003 Sun ya ba da sanarwar daina ƙera akwatunan. Shi kansa Sun ɗin, kamfanin Oracle ya haɗiye shi a 2010.

To, mece ce makomar wanda ya riga ya sayi akwatin? Nan ne gizo ke saƙa. Saba ba garma ba ce da maƙerin gari zai gyara in ta karye. Kullum tana bukatar sabon gyaran manhaja domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa, kuma mai ƙera ta ne ke aiko da shi. In kamfani ya janye hannunsa, akwatin ya zama maraya. Abin da ya ceci masu Cobalt shi ne an gina shi a kan manhajar Linux, wadda kowa ke da ikon dubawa da gyarawa, kuma Sun ya saki asalin rubutun manhajar akwatin ga jama'a. Wasu masu sha'awa a Japan suka ɗauka suka ci gaba da renonta da sunan BlueQuartz. Watau ilmin da aka buɗe ya fi kamfanin tsawon rai.

Kada a ɗauka ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke shafa. IBM ya sayar wa Lenovo wani babban sashe na sana'arsa ta saba a 2014. Huawei na ƙasar Sin kuwa, bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba masa a 2019, ya rabu da wani sashe na tasa a 2021.

INA MUKA KWANA A JIGAWA?

Jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse, da makarantar koyon kwamfuta a Kazaure, da yankin ciniki marar haraji a Maigatari. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone, wanda aka buɗe cibiyarsa ta adana bayanai a Kano a watan Janairu na 2023. Amma duk da haka, na'urorin da ke cikin irin waɗannan cibiyoyi daga ƙetare ake sayo su, kuma mahaɗarmu da duniya tana bakin teku. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankunan Nijeriya suka shiga wahala, har mu da ke bakin Sahara muka ji a jikinmu.

Daɗin daɗawa, ƙasarmu tana da nata sharuɗɗa. Masana sun fi son iskar ɗakin saba ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin bazara a Maigatari yakan wuce 40. Ƙurar hunturu tana toshe fankokin na'ura, ɗaukewar wuta ba zato kuwa tana iya lalata abin da aka adana. Saboda haka kuɗin akwati somin-taɓi ne. Sanyi da wuta da mai kula su ne ɗawainiyar kullum. Rana dai muna da ita a wadace, kuma ita ce mafi kusa da warware mana matsalar wuta.

KAMMALAWA

Saboda haka, duk hukuma ko makaranta ko asibiti a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar da za ta sayi akwatin saba, ya kamata ta yi tambaya uku kafin ta biya. Shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin aiko da gyara, kuma a rubuce? In ya rufe, za mu iya kwashe bayananmu zuwa wata na'ura? Wane ɗanmu ne aka koya wa kula da ita? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Alhakin samar da waɗannan 'ya'ya kuwa yana wuyan jami'o'inmu, domin bafataken da ke tsaye a kara yana jiran kuɗin sansa ba shi da wanda zai dogara da shi, bayan Allah, sai su.