Ƙibar yaro ba lahiya ba ce

Uwargida, in ɗanki ya yi ƙiba, mutane su ce: "Ga ɗan gata!" Amma ƙiba mai yawa tana iya jawo mishi ciwon sukari da hawan jini.

Duba abin da yake sha. Kwalbar lemu guda tana da sukari hiye da ƙwaya 5. Ki ba shi ruwa, ko hura marar sukari. Ki rage fanke da alawa, ki ƙara wake da zogala.

Kada ki bar shi da yunwa, kada a yi mishi dariya. Gida duka a ci abinci guda.

Ya aje salula, ya hita langa ko balo, awa guda kullum. Ki kai shi likita a auna kilonshi da tsawonshi.