Batirin Laftof Mai Taurin Kai

A shagona da ke Ƙofar Guga a Katsina, kusan kullum sai an kawo batirin laftof an ce ya mutu. Galibi ƙwayoyin ciki ne suka gaji, na litiyam waɗanda muke kira 18650, kowace mai bolt 3.7. Sai dai ko an sa sababbi, batirin ba ya tashi. Akwai wani ɗan cif a jikin allonsa, irin su bq20z na kamfanin Texas Instruments, mai ƙirga yawan cajin da aka yi. Da zarar ya ga wutar ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa da kima, sai ya kulle, wani ma ya ƙone fis.

Aikina in haɗa cif ɗin da kwamfuta, in kwafo abin da ke ƙwaƙwalwarsa, in ajiye kwafin asali gefe. Sannan in goge alamar kullen, in mayar da ƙirgar caji sifili, in rubuta masa ƙarfin sababbin ƙwayoyin.

Abu ɗaya ne ba na yi ko nawa za a biya: buɗe kulle a bar tsofaffin ƙwayoyi. Cif ɗin ya kulle ne don tsoron gobara, kuma zafin Katsina a watan Afrilu ba ya raga wa litiyam.