Jita da rijiya: Yadda makaɗan rok na Nijar ke taimakon jama'a ba tare da sayar da tikiti ba

A ranar 2 ga watan Yulin 2005, fitattun mawaƙan rok na duniya sun cika dandaloli a Landan, Paris, Balin, Roma da Filadelfiya, a wani gagarumin wasa da aka yi wa laƙabi da Live 8. An shirya shi ne da sunan talakan Afirka, ana saura 'yan kwanaki shugabannin ƙasashen G8 su haɗu a Scotland. A wannan makon ne kuma iyaye mata a jihar Maraɗi ke bin layi a cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF, goye da yaran da tamowa ta kama, bayan fari da farin ɗango sun lalata daminar 2004. Kafin shekarar ta ƙare, MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar.

Live 8 bai tara kuɗin abinci ba, domin tun asali manufarsa ita ce matsa wa shugabanni lamba su yafe bashi su ƙara agaji. Abin da ya tayar da ƙura shi ne ƙarancin mawaƙan Afirka a babban dandalin Landan. Da suka ta yi yawa, sai aka haɗa wani wasan daban a Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, inda ƙungiyar Abzinawan Mali ta Tinariwen ta kaɗa jita tare da su Angélique Kidjo. Masu biki ne aka shimfiɗa wa tabarma a ƙofar gida.

Yau Nijar na da nata makaɗan rok da ke cika zauruka a Turai da Amurka. Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy da kundinsa Deran na 2018. Akwai Mdou Moctar, akwai Etran de L'Aïr ta Agadas, akwai Tal National ta Yamai. To amma ina amfanin wannan suna ga gari irin Gure?

Garin da rairayi ke bi

Gure na kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Ƙasar Muniyo ce, inda Barebari, Hausawa, Fulani, Abzinawa da Tubawa ke cin kasuwa ɗaya. Arzikin yankin na cikin kwaruruka masu ruwa a kusa, inda ake noman dabino, rogo da kayan lambu, ana kuma ɗibar kanwa a wasunsu. Babban abokin gabar kwarurukan shi ne rairayi, wanda iska ke turowa har ya binne gonaki. Shekara da shekaru ana kafa shingayen ƙirare da kaba a kan tuddan yashi don a tsayar da su.

Gari irin wannan ba ya rasa abin da za a buɗe wa gidauniya: rijiya, ajin makaranta, shingen rairayi, maganin yara. Sai dai salon wasan taimako na Turawa, inda ake sayar da tikiti a ƙofa a miƙa ribar ga wata ƙungiya, bai dace da yadda kiɗan jita ke rayuwa a Nijar ba.

Abincin makaɗin jita a Nijar yana gidan biki. Dangin ango ne ke ɗauko makaɗa, a kafa lasifika a kan titi ko a wani fili, duk mai wucewa ya tsaya ya kalla kyauta. Wanda kiɗan ya ratsa shi ya fito ya yi liƙi. Etran de L'Aïr, ƙungiyar 'yan'uwa da aka kafa a 1995, ta haka ta tashi a unguwannin talakawan Agadas, da jita ɗaya da ƙwaryar da aka kifa a ruwa a madadin ganga. Sai a 2018 kundinsu na farko ya fita kasuwar duniya.

Tal National kuwa ta yi suna da kwana kiɗa har dare biyar a mako, wasa ɗaya ya kai awa biyar, wani lokaci ma su rabu gida biyu don su halarci bukukuwa biyu a dare guda. Faifansu su da kansu suke sayarwa a shataletalen Yamai. Jagoransu Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, tsohon ɗan ƙwallo ne da ya yi aikin alƙalanci, ya kuma yi wa ƙungiyar SOS mai kula da marayu aiki. A ƙungiya irin wannan, mawaƙi ba ya jiran ranar wasan taimako kafin ya san halin da marayan unguwarsu ke ciki.

Kuɗin yawon wasa, rijiyar ƙauye

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko shi ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Abin da masu karatu da yawa ba su sani ba shi ne, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har ɗaya daga cikinsu ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011. Daga nan ƙofar duniya ta buɗe masa.

A hirarrakin da ya sha yi da jaridun ƙasashen waje, Mdou Moctar ya bayyana cewa yana kashe wani ɓangare na kuɗin da yake samu a yawon wasa wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙishirwa. Babu allon talla da ke cewa wasan na taimako ne. Bature ya sayi tikiti a Chicago don ya ji jita, kuɗinsa ya ƙare a bakin rijiya a Azawak. Duk ɗan ci-ranin da ke aika wa gida kuɗi ta Nita ko Al Izza a ƙarshen wata ya san wannan lissafin.

A 2023 ne abin ya juye. Ranar 26 ga watan Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakoki, daga baya aka rufe sararin samaniya. Mdou Moctar da abokan kiɗansa biyu, Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim, suna tsakiyar yawon wasa a Amurka, hanyar gida ta toshe. Aka buɗe musu asusun neman taimako a shafin GoFundMe don kuɗin masauki da abinci, kuma cikin 'yan kwanaki masoyansu suka tara fiye da abin da aka nema. Mai haƙa wa mutane rijiya ya wayi gari shi ake tara wa gudummawa. A wannan zaman jiran ne suka shiga ɗakin naɗar sauti a Brooklyn, suka yi aikin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Akwai kuma wasan da ba kuɗi ya tara ba, amma har yau ana tuna shi. Lokacin tawayen da ya ɓarke a arewacin ƙasar a 2007, hukumomi sun ɗauki jitar Abzinawa a matsayin muryar 'yan tawaye, an kashe biyu daga cikin makaɗan Bombino, shi kuma ya gudu Burkina Faso. A watan Janairun 2010 ya dawo, ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas da amincewar Sarkin Abzin, mutane fiye da dubu suka taru suna murnar zaman lafiya.

Idan za a yi a Gure

Matasan da ke mafarkin shirya wasan taimako a Gure ko Damagaram na da ƙalubale na zahiri. Wuraren wasa kaɗan ne, galibi gidajen matasa da al'adu da ake kira MJC. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Damagaram, wadda ta daɗe tana karɓar mawaƙa, masu zanga-zanga sun cinna mata wuta a ranar 16 ga watan Janairun 2015. Jihar Diffa da ke maƙwabtaka ta shiga dokar ta-ɓaci tun watan Fabrairun wannan shekarar saboda hare-haren Boko Haram, don haka taron dare a wannan yanki sai da izinin hukuma da jami'an tsaro. Ga hayar janareta da man da zai sha, ga lasifika, ga kuɗin motar makaɗa. In aka yi wasa, waɗannan kaɗai sun isa su cinye abin da aka tara. Sannan akwai malamai da iyayen da ba sa son kiɗan jita ko da na sadaka ne, kuma watsi da ra'ayinsu a gari irin Gure kuskure ne babba.

Amma al'adar biki na da wani abu da manyan wasannin Turai suka sha rasawa, wato bayyana kuɗi a bainar jama'a. Tun bayan Live Aid na 1985 ake muhawara kan inda wani ɓangare na agajin Habasha ya shiga. A dandalin biki kuwa sanƙira na tsaye da makirufo, yana shelar wane ya ba da jika biyar, wance ta ba da jika goma, kowa na ji, kowa na lissafi a zuci. Ɗan Gure da ke aikin gini a Sabha ko sayar da shayi a Legas na iya aiko da nasa ta waya, a kira sunansa a gaban mahaifiyarsa. Washegari duk garin ya san adadin da aka tara, ya kuma san a hannun wa kuɗin suka kwana.