Mai Turi da Lissafin Kasuwar Fim

A kasuwar Goronyo ta ranar Lahadi, da bakin tasha a Wurno da Rabah, akwai rumfar da ba ta rabuwa da matasa. Jarinta kwamfuta ɗaya ce, da ma'ajiyar fina-finai, da tarin igiyoyin caji, da sola ko ƙaramin janareta. Mai rumfar shi ake kira mai turi. Ka miƙa masa waya ko memori, ya zuba maka fim ɗin Kano, ko na Indiya mai fassarar Hausa, ko wa'azi da karatu, ka biya 'yan kuɗi ka kama gabanka.

Gadon sana'ar ya yi. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ya bi ta kaset ya koma faifai, dillalai suna saro shi daga Ƙofar Wambai su baza ƙasar Hausa. Da waya ta kashe kasuwar faifai, sai mai turi ya hau gurbin. A yankin da sabis ke wuya, data kuma ke da tsada, shi ne silima. An ga haka a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Rabah da Goronyo: wanda ba shi da abin kallo a memori, sai haƙuri.

Danna kwamfuta ba shi ne gwanintar ba, yaro ma zai koya cikin mako guda. Gwanintar ita ce sanin yadda kasuwar fim take zubewa. Sabon fim kayan gwari ne, kamar tumatirin fadamar Rima: ranar da ya sauka yake da daraja, ya kwana biyu sai neman kai da shi. Dalilin a fili yake. Duk wanda ya saya zai tura wa abokinsa kyauta ta manhajar Xender, abokin ya tura wa wani. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin a ninka sau goma an haura mutum dubu. Yayin da masu samu kyauta ke ninkuwa, masu biya raguwa suke yi.

Mu ƙaddara sabon fim ya kawo naira 8,000 ranar farko, kullum kuma cinikinsa na raguwa da rabi: 4,000, sai 2,000, sai 1,000, sai 500. Kwana uku na farko sun ba mai turi 14,000. Daga nan ko shekara zai yi yana tura wannan fim, jimillar ba za ta wuce 16,000 ba, wato ninki biyu na ranar farko. Amma in fim ne mai farin jini, wanda kashi ɗaya cikin biyar kawai yake zubarwa kullum, jimillar za ta doshi 40,000. Ranar farko ɗaya ce, abin da ya raba su shi ne saurin zubewa. Shi ya sa gogaggen mai turi ba ya ruɗuwa da cinkoson ranar farko, cinikin rana ta biyu da ta uku yake dubawa.

Sai wata tambaya: yaushe fim zai daina biyan kuɗin mai da data? In naira 500 ce iyakar, sau nawa za a raba 8,000 biyu kafin a iso can? Sau huɗu, ke nan rana ta biyar. Shi kuwa mai farin jinin sai ya kusa mako biyu. Wannan ƙirgen na "sau nawa" shi ne logaridim, wanda John Napier na Sikotilan ya wallafa a 1614. Da irin lissafin nan kamfanonin fim na Amurka suke hasashen abin da fim zai tara a silima, inda ba abin mamaki ba ne ciniki ya faɗi da kusan rabi a mako na biyu. Akan sami mai karya ƙa'ida: Titanic na 1997 ya yi mako 15 a jere yana kan gaba.

Fina-finai masu dogon zango, irin su Labarina da Izzar So, sun rage wa mai turi fargaba, domin kafin kasuwar wannan kashi ta mutu, na mako mai zuwa ya iso. Abin da ke damuna shi ne wanda ya zuba dukiyarsa ya shirya fim sau da yawa ba ya ganin ko sisi daga wannan ciniki. Wannan hakki ne, kuma ya wajaba masu turi da masu shirya fim su zauna su daidaita.

Ga masu turi, ku sayi littafi ku riƙa rubuta cinikin kowane fim kullum, kada ku bar shi a ka. Malaman lissafi na sakandaren Wurno da Rabah da Goronyo kuwa, ku ari wannan littafin ku shiga aji da shi ranar da za ku koyar da logaridim.