Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Mai Zanen Daji Da Gonaki Yake Aikinsa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Mai'aduwa, ya ce ya ga zanen gona da itatuwa rataye a wani ofis, aka ce masa da hannu aka yi. Yana tambaya, wai akwai masu wannan sana'a a ƙasarmu? Yaya suke yin ta, kuma me amfaninta?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Ƙwarai kuwa akwai su, har makaranta gare su. Tun 1955 ake koyar da zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Bari mu ba ka misali da Jerry Buhari. Kada mutanen Daura su ji sunan su ce ɗan gida ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. An haife shi a 1959 a ƙauyen Akwaya, yankin Kachiya a Jihar Kaduna. Ya gama digirinsa na farko a Zariya a 1981, ya zauna yana koyarwa a nan har ya kai matsayin farfesa. Ya yi suna wajen zanen ƙasa da halin da mutane suka jefa ta. Yakan yi ƙananan zane da fentin ruwa, yakan kuma yi manya inda yake zuba launi bisa launi, ya bar shi ya kwarara. Ba lallai ka ga itace sak a ciki ba, amma za ka ji a jikinka cewa ƙasar nan ta sha wuya.

Yadda galibin masu sana'ar ke aiki kuwa, ga shi. Da fari mai zane yakan fita da takarda da fensir, da hantsi ko da la'asar, lokacin da inuwa ke da tsawo. Sai ya ja layin inda sama ta haɗu da ƙasa, don shi ne harsashin aikin. Abin da ke kusa ya yi shi babba da launi mai ƙarfi, na nesa kuma ƙarami, dishi-dishi, kamar yadda kake hango ƙauye cikin hazo. In ya koma gida sai ya ɗora fenti. Fentin ruwa yana bushewa nan da nan, kuma kuskure a cikinsa wuyar gyara gare shi. Fentin mai kuwa yakan ɗauki kwanaki, saboda haka sai da haƙuri.

Sai dai jarin gaske shi ne ido, kuma a nan manomi ya riga shi. Wanda bai san gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani ba, zai zana abin da manomin Zango zai yi wa dariya.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina hukuncin addini? Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai yin sura da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamai.

Batun amfani fa? Ku tambayi dattawan Baure ko Sandamu yawan kuka da ɗorawa da goruba da suka taras a gonakin iyayensu, sannan ku ƙirga na yau. Sara da fari sun ci da yawa, hamada kuma tana matsowa. Shi ya sa a 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin dasa katangar itatuwa, kuma Katsina na cikin jihohin da ya shafa. Zane shaida ne: yana ajiye kamannin wuri, jika ya gani ya san abin da aka rasa, ko ya yi himmar mayar da shi.

Saboda haka in kun ga yaro yana zane a ƙasa da tsinke, kada ku ce shiririta ce. Ku ba shi fensir, ku nuna masa itatuwan gonarku da sunayensu.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.